Baƙon da Ya Gina Gari

Akwai tambayar da ba ta tasowa a ranar gudu. A ranar gudu mutum ba ya neman komai sai inda zai kwantar da 'ya'yansa kafin dare ya yi. Tambayar takan zo ne daga baya, sa'ad da ƙura ta lafa, an sami ɗan ɗaki, an fara sanin hanyar kasuwa. A lokacin ne maigida yakan zauna ya tambayi kansa: in na haƙa harsashin gini a garin nan, na dasa itace, na koyi harshen mutanen nan, na aurar da 'yata a cikinsu, ashe ban sa hannu ke nan a kan abin da aka yi mini ba? Wanda ya kore ni so yake in manta da gida. In na zauna daram a nan, ba burinsa na cika masa ba? In kuwa na ƙi zama, na bar kayana a ɗaure ina jiran ranar komawa, wane iko nake da shi na sa 'ya'yana su ƙare kwanakinsu a bakin ƙofa, ba su ciki ba su waje?

Akwai wata al'umma da ta yi fiye da shekara 160 tana fama da wannan tambaya, a birane dabam dabam, kuma yaƙi ya sa ta sāke amsa ta fiye da sau ɗaya. Ya kamata mu duba abin da ya same su kafin mu yanke hukunci.

Larabawa suna ce da su Sharkas, don haka bari mu kira su Sharkasawa. Su kuwa suna kiran kansu Adige. Ƙasarsu ta asali tana arewa maso yammacin duwatsun Kokasas, a gaɓar Bahar Aswad, cikin abin da yake kudancin Rasha a yau. Manoma ne da makiyaya, gwanayen hawan doki, sun kuma kasu kabila kabila: Shabsug, Abzak, Kabardi, Ubik da sauransu. Bishara ta taɓa kai musu a zamanin daular Rumawa ta gabas, amma daga baya yawancinsu suka karɓi Musulunci. Kada mai karatu ya ɗauka ba abin da ya taɓa haɗa mu da su. Sarkin Masar Barƙuƙ, wanda ya hau mulki a 1382, Basharkase ne, kuma shi ne Mai na Barno ya rubuta wa wasiƙa wajen 1391 yana kuka a kan Larabawan da suke kama mutanensa suna sayarwa.

Yaƙinsu da daular Rasha ya ɗauki shekara 101, daga 1763 zuwa 1864. A shekarun ƙarshe, zamanin Sarki Alezanda na Biyu, shugabannin sojan Rasha suka yanke shawarar share duwatsun gaba ɗaya. Aka ƙone ƙauyuka da gonaki, aka kora jama'a zuwa bakin teku. Zaɓi biyu aka ba su: ko su sauka filayen da aka nuna musu a ƙarƙashin idon soja, ko su ƙetare teku zuwa daular Turkawa, wadda ake kira Usmaniyya (kada a haɗa ta da ta Sakkwato). Lissafin jami'an Rasha da kansu ya nuna kusan rabin miliyan ne suka fita, masana tarihi da yawa kuwa suna ganin adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. An cika jirage har suka fi ƙarfinsu, waɗansu suka nutse. Waɗanda suka kai tashoshin Tarabzon da Samsun suka tarar da yunwa, da agana, da zazzaɓin da kwarkwata take yaɗawa. Har wa yau akan sami tsofaffin Sharkasawa a Turkiyya da ba sa cin kifin Bahar Aswad, gama sun ce a can kakanninsu suke kwance.

A ranar 21 ga Mayu, 1864, sojojin Rasha suka yi faretin nasara a wani fili da ake kira Kabaada, kusa da garin Soci. Dole a faɗi abin da ba shi da daɗin ji a gidan Kirista: daular da ta yi wannan aiki tana kiran kanta ta Kirista, kuma an yi sujadar godiya a filin nan a ranar. Mu da muka saba jin labarin 'yan'uwanmu da aka kora saboda bangaskiyarsu, yana da kyau mu san cewa tarihi yana da shafukan da masu gicciye a wuya ne suke korar. Sharkasawa suna kiyaye ranar 21 ga Mayu a matsayin ranar makoki. Ƙasar Jojiya a 2011 da Yukiren a 2025 sun amince cewa kisan ƙare dangi ne aka yi. Rasha ba ta yarda ba. A 2014, shekara 150 cif bayan faretin, a wannan fili ne aka yi wasannin kan ƙanƙara na Olimfik ɗin Soci.

Turkawa suka zaunar da da yawa daga cikinsu a yankin Balkan, a tsakiyar Bulgeriyawa Kirista, suka kuma ba su makamai. A nan labarin ya ƙi tafiya yadda mai tausayi yake so ya tafi. Sa'ad da Bulgeriyawa suka yi tawaye a 1876, akwai Sharkasawa cikin dakarun sa-kai da suka murƙushe su da mugunta. Wanda aka ƙone wa gida shekara goma sha biyu da suka wuce ya zama mai ƙone na wani. Da Rasha ta ci Turkiyya a yaƙin 1877 zuwa 1878, aka sāke korarsu daga Balkan. Hijira ta biyu ke nan cikin rayuwar tsara guda.

Kango mai suna Amman

Cikin waɗanda aka kora karo na biyu, waɗansu 'yan kabilar Shabsug suka iso wani kwari a gabashin Kogin Urdun a 1878. Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san wurin: shi ne Rabba ta Ammonawa, inda Uriya Bahitte ya mutu a gindin garu. A zamanin Helenawa da Romawa an kira shi Filadelfiya, ɗaya daga cikin garuruwan Dikafolis, ba wadda aka ambata a Wahayin Yahaya ba. Amma a 1878 ya yi ɗaruruwan shekaru ba gari a wurin, sai rusassun gine-gine, da rafi, da maɓuɓɓugar ruwa. Baƙin suka fara kwana cikin kogwannin dutse da ƙarƙashin bakunan tsohon dandalin wasan kwaikwayo na Romawa. Wani Bature matafiyi, Laurence Oliphant, da ya ratsa a 1879, ya tarar da kimanin mutum 150 kawai, gama yawancin waɗanda suka zo da fari sun riga sun ƙara gaba.

Waɗanda suka tsaya suka yanke shawarar gini. Suka ɗebi duwatsun kangon suka ta da gidaje. Suka yi noman alkama da sha'ir. Suka kawo amalanken shanu mai ƙafafun katako, abin da ƙasar ta daɗe ba ta gani ba, tun da raƙumi da jaki ne suke ɗaukar kaya, suka kuma share hanyoyin da amalanken zai bi. Waɗansu ayarori suka biyo baya, na Kabardi da Abzak, aka kafa ƙauyuka a Wadi Sir da Jarash da Na'ur. A farkon shekarun 1900 layin dogo na Hijaz, wanda ya tashi daga Dimashƙu zuwa Madina, ya ratsa ta Amman. Sharkasawa suka yi aikin ƙwadago a kansa, suka yi gadinsa. Jirgin ƙasa ya jawo fatake daga Salt da Nablus da Dimashƙu, Musulmi da Kirista, suka kama shaguna a hannun Sharkasawa. A 1909 aka kafa majalisar gari, magajin gari na farko kuwa Basharkase ne, Isma'il Babuk. A 1921 Sarki Abdullahi ya sauka a Amman ya mai da ita hedkwatar sabuwar ƙasar da ta zama Jodan. Tun daga lokacin Sharkasawa ne dogaran fada, da baƙaƙen rigunansu masu jerin kwanson harsashi a ƙirji. Sa'id al-Mufti, wanda aka haifa a Amman, ya zama firayim minista a 1950. Shekara 72 ke nan daga kwanan kogo.

To, waɗannan mutane sun ci amanar ƙasarsu?

A ganina ba su ci ba, kuma dalilin yana cikin abin da mai korar yake nema. Sojan Rasha ba shi da damuwa ko Basharkase ya gina gida a Amman ko bai gina ba. Abin da yake so shi ne a daina samun wata al'umma mai wannan suna da za ta ce duwatsun nan nata ne. Al'ummar da ta zauna a bakin teku tana jira har yunwa ta cinye ta, ita ce ta cika masa wannan buri. Mai tunawa sai ya rayu tukuna, ya haifi wanda zai gaya wa. Jikokin waɗanda suka gina Amman su ne suka kafa ƙungiyar taimakon juna ta Sharkasawa a 1932, da kulob ɗin wasanni na Ahli a 1944, da makarantar da take koyar da harshensu a shekarun 1970. Su ne suke taruwa kowace 21 ga Mayu ƙarƙashin koriyar tutarsu mai taurari 12 da kibau 3. Da kuɗin alkama da hayar shaguna aka yi duk wannan. Tunawa ma tana bukatar rufin da za ta fake.

Akwai kuma hakkin yara. Uba yana da iko ya yi makokin ƙasarsa har ya mutu, ba wanda zai hana shi. Amma yaron da aka haifa a kogo bai taɓa ganin Kokasas ba. In aka hana shi makaranta da sana'a da abokai domin kada a ce an saki jiki, an sa shi biyan bashin da ba shi ya ci ba, an kuma ƙara wa mai korar mutum ɗaya cikin waɗanda ya lalata wa rai.

Ruwan ba marar mai shi ba ne

Sai dai labarin ba zai zama gaskiya ba in aka ce baƙin sun sami ƙasa babu kowa. Gari ne babu, amma ruwan yana da masu shi. Kabilun Larabawa makiyaya na yankin Balƙa sun daɗe suna shayar da dabbobinsu a maɓuɓɓugar Amman, suna noma gefenta a lokacinsa. Ba su da takarda, al'ada ce shaidarsu. Gwamnatin Istanbul ta ɗauki filin a matsayin nata, ta raba wa baƙin, ta yafe musu haraji da aikin soja na waɗansu shekaru. Ba don tausayi kaɗai ta yi ba. Tana son mutane masu biyayya, masu iya riƙe bindiga, a bakin hamada inda ikonta bai cika kaiwa ba, domin su tsare hanya su kuma rage wa makiyayan ƙarfi. Makiyayin da ya zo da garkensa ya tarar an kewaye ruwa, ba zai tafi Istanbul ya yi faɗa ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Aka yi ta rikici a kan gonaki da mashaya, jini ya zuba a ɓangarorin biyu, har aka kai ga yaƙi sosai tsakanin baƙin da kabilun Balƙa a farkon ƙarni na 20.

Wannan ita ce gaɓar da masu wa'azin karɓar baƙi sukan tsallake. Mai ba da umarni a karɓi baƙo sau da yawa ba shi ne zai matsa a tabarma ba. Talakan da yake kusa ne zai raba rijiyarsa, shi ne farashin hatsi da kuɗin haya za su tashi a kansa. In ya yi gunaguni, kuskure ne a yi saurin kiransa marar tausayi, gama yana da tasa gaskiyar. Baƙo ma yana da tasa, tun da ba shi ya zaɓi a kawo shi nan ba. Laifin yana wuyan hukumar da ta yi kyauta da abin wani ba ta tambaye shi ba, ba ta kuma biya shi ba.

Abin da ya zaunar da Sharkasawan Amman lafiya ya zo ne ta hannun maƙwabta. A ƙarshen shekarun 1890 suka ƙulla alkawarin kare juna da babbar kabilar Bani Sakar, bisa ga al'adar Larabawan wurin, kasuwa kuma ta sa makiyayi yana bukatar hatsin manomi, manomi yana bukatar dabbar makiyayi. A kwatanta wannan da abin da ya faru a Siriya, inda Faransawa masu mulkin mallaka suka ɗebi Sharkasawa suka kafa rundunar doki, suka yi amfani da ita wajen murƙushe tawayen 1925 zuwa 1927. Faransawa suka tafi a 1946, suka bar Sharkasawa da maƙwabtan da ba su manta ba. Baƙo yakan ji tsoro, tsoro kuwa yakan sa ya rungumi mai mulki, domin shi ne ya ba shi takarda. Godiya abu ne mai kyau, amma akwai mai ba da masauki da yake mai da godiyar baƙo igiya a wuyansa, ya ja shi zuwa aikin da ɗan gari ba zai yarda ya yi ba. Bulgeriya ta nuna inda wannan igiya take kaiwa. Baƙo yana da bashin bin doka, da yin aiki, da neman zaman lafiyar gari. Bashin bai kai ga ya sayar da lamirinsa ba.

Waɗanda suka ƙi kwance kaya

Amman ɗin da 'yan gudun hijira suka ta da ba ta daina karɓar waɗansu ba. Armeniyawa suka zo bayan kisan 1915. Falasɗinawa suka kwararo a 1948, suka sāke zuwa a 1967. 'Yan Iraƙi suka zo bayan yaƙe-yaƙen 1991 da 2003, 'yan Siriya bayan 2011. Yau birnin yana da mutum fiye da miliyan 4, Sharkasawa kuwa 'yan tsiraru ne a garin da kakanninsu suka kafa. Sunansu ya rage a kan titin Shabsug a tsakiyar kasuwa, da unguwar Muhajirin, wato unguwar masu hijira. A al'adarsu, wadda suke kira Adige Habze, baƙo yana da girma ƙwarai: a dā kowane gida mai hali yana da ɗakin baƙi dabam, ba a tambayar baƙo sunansa ko abin da ya kawo shi sai ya huta kwanaki, kare ransa kuma yana wuyan maigida. Tarihi ya gwada wannan al'ada da ma'aunin da ba su zata ba, har baƙin suka fi masu gida yawa nesa.

Falasɗinawa sun amsa tambayarmu ta wata hanya. Da yawa a cikinsu sun yi shekaru suna ƙin duk abin da zai nuna zama na dindindin, suna tsoron kada a ce sun sallama hakkinsu na komawa. Waɗansu iyalai suna ajiye da mabuɗan gidajen da suka bari har yau. Sansanonin Jabal Husaini da Wihdat, waɗanda aka kafa a 1952 da 1955, har yanzu ana kiransu sansani, ko da yake sun zama unguwannin bulo da siminti a cikin birni. Ba zan ce sun yi kuskure ba. Halinsu ya bambanta da na Sharkasawa: gidansu yana ƙetaren kogi, ana hango duwatsunsa daga tuddan yammacin Jodan, maganar komawarsu kuma tana gaban Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1948. Sharkasawa teku ne ya rufe a bayansu, ba kuwa wata majalisa da ta saurare su a 1864. Duk da haka, a lura da abin da ya faru. Jodan ta ba yawancin Falasɗinawan 1948 'yancin zama 'yan ƙasa, suka karɓa, suka yi karatu, suka gina gidaje da kamfanoni, ba su kuma yar da katin gudun hijirarsu ba. Ashe mutum yana iya riƙe takardar fili a hannu ɗaya da tsohon mabuɗi a ɗayan.

Wannan ya nuna cewa rabin amsar ba a hannun baƙo take ba. Sharkasawa sun gina Amman domin an ba su fili da sunansu a rubuce, an kuma lasafta su 'yan ƙasa. Wanda aka ba shi tanti da buhun gari kowane wata, aka hana shi aiki da mallakar ƙasa, ba a isa a zarge shi da ƙin sakin jiki ba. Ciyar da mutum shekara ashirin ba tare da an bar shi ya ba da komai ba, wata irin kora ce a hankali, gama an ce masa kullum: kai mai karɓa ne kawai a nan.

Abin da birni yakan ci

Ba zan ɓoye farashin ba, domin yana da nauyi. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Ba su faɗi abin da yakan faɗi daga jikinka sa'ad da kake ɗaurawa ba. Yawancin matasan Sharkasawan Amman Larabci ne harshensu na farko. Sun iya rawar gargajiya, suna miƙewa tsaye in babba ya shigo, sun san sunan kabilarsu da tambarin gidansu, amma hira da harshen kakanni ta gagari da yawa. Ba wanda ya hana su. Makaranta da kasuwa da ofis da auratayya ne suka yi aikin a hankali. A wani ƙauyen Galili mai suna Kafar Kama, kusa da Dutsen Tabor, wanda Sharkasawa suka kafa a shekara ɗaya da Amman, yara har yau da harshen Adige suke wasa a titi, suna kuma koyon Ibrananci da Larabci da Turanci. Ƙauye ya riƙe abin da birni ya saki, birni kuma ya ba da abin da ƙauye ba zai iya bayarwa ba. Ban ga hanyar samun duka biyu cikakku ba.

Akwai bambanci kuwa tsakanin harshen da ya zame da kansa da wanda aka fizge. A Turkiyya, inda Sharkasawa suka fi yawa a duniya, an yi kamfen ɗin tilasta wa kowa magana da Turkanci tun daga 1928, dokar 1934 ta sa kowane gida ya ɗauki sunan iyali na Turkanci, aka kuma canza sunayen ƙauyuka da yawa. Sai a 2012 aka yarda a koyar da harshensu a makarantun gwamnati ga wanda yake so. Harshen Ubik, wanda masana suke mamakinsa saboda yana da baƙaƙe kimanin 80 da wasula 2 kawai, bai kai wannan lokaci ba. Mutum na ƙarshe da ya iya shi sosai, Taufik Esenc, ya rasu a Istanbul a 1992. Mai masauki yana da iko ya ce wa baƙo ya koyi harshen gari, domin su fahimci juna. In ya ce sai baƙon ya manta nasa kafin a karɓe shi, ya ƙarasa wa mai korar aikinsa ne.

Iyaye masu karatu za su gane cewa wannan yaƙi a cikin ɗaki ake cinsa ko a faɗi. Ba gwamnatin da za ta sa uwa ta yi wa jaririnta magana da harshen da ta ga dama.

Komawa

Saura abu ɗaya: me yakan faru in ƙofar gida ta buɗe? Sharkasawan Siriya sun gwada. Turkawa sun zaunar da kakanninsu a Tuddan Golan, inda suka kafa ƙauyuka kewaye da garin Kunaitira. Yaƙin 1967 ya kore su zuwa Dimashƙu, suka fara daga farko, manoma a cikin birni. Waɗansu suka wuce Amurka, garin Paterson a jihar New Jersey, da taimakon wata gidauniya da 'yar marubucin nan Tolstoy ta kafa domin 'yan gudun hijirar Rasha; abin mamaki ba ya ƙarewa. Waɗanda suka tsaya a Dimashƙu suka yi shekara 44 suna gini, sai yaƙin basasa ya tashi a 2011. Hijira ta huɗu ke nan ga waɗansu gidaje, in aka lasafta daga 1864.

A wannan karo waɗansu dubbai suka ce bari su koma Kokasas, zuwa biranen Nalcik da Maikob, inda Sharkasawa fiye da dubu 700 da suka rage a Rasha suke da yankunansu. An taɓa yin irin wannan: a 1998, lokacin yaƙin Kosobo, an kwaso wata ƙaramar al'ummar Sharkasawa daga can aka gina musu ƙauye kusa da Maikob. Amma na Siriya sun tarar dokar Rasha tana kallonsu a matsayin baƙi kamar kowane baƙo. Sai da biza, sai da izinin zama mai ƙayyadadden adadi, sai da Rashanci kafin a sami aikin kirki. 'Yan'uwansu na can sun tara kuɗi, sun sauke su a gidajen hutu da ƙauyuka, sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Duk da haka likita ko injiniyan da ya yi karatu da Larabci ya ga takardunsa ba su da amfani nan take, tsohuwar da ta riƙe harshen Adige ta ji lafazinta ya bambanta da na masu gari, yaran da ba su iya ba kuwa suka zama kurame a ƙasar kakanninsu. A Dimashƙu ana ce musu Sharkasawa, a Nalcik aka ce musu 'yan Siriya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ko da ba da son ransa ya bari ba. Waɗansu suka daure suka zauna, waɗansu suka wuce Turkiyya ko Turai, waɗansu suka koma Siriya tun yaƙi bai ƙare ba.

Waɗanda suka zauna sun yi abin da kakanninsu suka yi a Amman: suka koyi sabon harshe, suka buɗe ƙananan shaguna da wuraren sayar da abincin Siriya, suka sa yara a makaranta. A Disamba 2024 gwamnatin Assad ta faɗi, sojojin Isra'ila kuma suka shiga yankin tsakani inda Kunaitira take. Yaron da aka ɗauko daga Dimashƙu a 2012 yana ɗan shekara biyar ya riga ya gama sakandare da Rashanci, kabarin kakansa yana Siriya, gonar kakan kakansa tana Golan.